Dabinon da Na Kai Guangzhou

Abin da ya fara ɗaure mini kai a Guangzhou shi ne ban ga inda garin ya fara ba. A Doha, in mota ta ɗauko ka daga filin jirgi, kana iya nunawa da yatsa: ga teku, ga dogayen benaye can a dunƙule, ga rairayi a bayansu. A nan kuwa tun daga ƙofar filin jirgin benaye suka sa mu a tsakiya, gada a kan gada, wata hanya ta hau sama, wata ta nutse cikin ƙasa. Na yi ta jiran mu iso cikin gari har na gaji, na tambayi Lin, matar da masana'antar da na zo wurinta ta turo ta tarye ni kuma ta riƙa yi mini tafinta. Ta ce ai tun ɗazu muna ciki. Na leƙa sama in ga rana ko na gane gabas, babu ita, sai wani farin tururi mai ɗumi da ya rufe komai. Ni da nake ji da kaina wajen sanin hanya, tun a motar jikina ya fara sanyi.

Aiki ne ya kawo ni. Kamfaninmu na Doha, mai sanyaya manyan gine-gine, ya sayi injina, aka turo ni in tsaya a gwada su a gabana kafin a loda su a jirgin ruwa. Wannan bai dame ni ba, sana'ata ce. Abin da ya dame ni kwalin dabino ne da ke cikin jakata, da maganar da aka haɗo ni da ita.

Baba Issaka ne ya ba ni. Dattijo ne mutumin Zangon Kumasi, direban motar kayan gwari a kasuwar Abu Hamour. Duk Juma'a in na je sayen kuɓewa da attarugu sai mun tsaya mun taɓa hira, yana kirana Muhandis kamar yadda Larabawa ke kiran injiniya, ina tsokanarsa da cewa Hausarsu ta Zango ta sha ruwan teku. Ana gab da tafiyata matarsa ta rasu a Kumasi. Kafin kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ya sa hannu a takardar fita ƙasa, an riga an rufe ta. Muka yi zaman makoki a ɗakinsa da ke wani tsohon gida a Al Asmakh, 'yan Najeriya da 'yan Gana a matse a kan darduma ɗaya. Duk zaman da muka yi ban ga ɗigon hawaye a idonsa ba, sai amin yake ta cewa.

Da na tashi tafiya ya biyo ni har lungu da kwalin a hannu.

"Muhandis, an ce za ka Chaina. Ɗana Mumuni yana garin da za ka. Bai sani ba, na hana kowa ya faɗa mishi a waya. Shi ɗaya ne cikin mutanen da ba su jin maganarshi. In ya faɗi, wa zai riƙe shi? Ka je ka zaunar da shi, ka faɗa mishi baki da baki, yadda ake yi. Dabinon ka ce tsaraba ce."

Ya ce duk sanda Mumuni ya kira gida, ƙannensa mata cewa suke Mma tana asibiti, likita ya hana ta magana, amma ya san ba za su iya riƙe kuka na dogon lokaci ba. Abin da ke taimakonsu kawai shi ne a Chaina an toshe shafukan zumuntar da 'yan uwa ke baza labari a kai. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, an gama. Na faɗi haka ne da zuciya ɗaya, domin a Doha babu Bahaushen da za ka nema ka rasa. In ka tsaya a bakin masallaci ranar Juma'a ka ambaci sunansa, wani zai ce maƙwabcinsa ne.

Ina ajiye jaka a masauki na kira lambar da aka ba ni. Murya ce ta mutum mai sauri, ana ta hayaniya a bayansa. Ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni Yaya, ya tambayi lafiyar Baba. Na ce lafiya lau, ga saƙo ya ba ni. Ya ce madalla, in bar shi a teburin masu karɓar baƙi, mai babur zai zo ya ɗauka, domin a garin nan ba wanda ke kai saƙo da ƙafarsa. Na ce Baba ya ce hannu da hannu. Sai ya ce yana tsakiyar loda wa wasu 'yan kasuwa kaya, zai neme ni. Bai neme ni ba.

Ko da ya nema ma, da wuya ya same ni, saboda mutanen masana'antar nan ba su san a bar baƙo ya sha iska ba. Da safe mota na jirana, mu yi ta tafiya cikin benayen da ba na bambanta ɗaya da ɗaya har mu isa. A gwada inji, in duba awo, in ce a sake, a sake ba musu. Daga nan sai cin abinci. Sun yi wahala sun nemo mini gidan abincin Musulmi, inda wani mai farar hula ke jan taliya da hannu, Allah ya saka musu. Amma teburin zagaye ne, tsakiyarsa na juyawa, duk sanda na miƙa hannu ga abin da na gane, sai ya wuce ya bar ni da abin da ban gane ba. In na cinye na gabana don kada su ce na raina, sai a ƙara mini. In na nemi ruwa a kawo mai zafi, ga gumi na tsiyaya a bayana. Ni da albashina ke fitowa daga sanyi, na rasa mai ba ni ruwan sanyi.

Bayan abinci kuma sai yawon nuna mini gari: ga kogi, ga wata hasumiya da ta shige gajimare, ga lambu inda tsofaffi ke rawa a layi ba wanda ke dariya. Na ce wa Lin ina so in huta, da nufin in sulale in nemi Mumuni. Sai ga manajan masana'antar da kansa a ƙofar ɗakina da ledar magunguna, yana taɓa goshina. Na ce lafiyata ƙalau, suka ce to madalla, a fita. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma yaya za ka yi faɗa da mai yi maka hidima? Haka nake yaƙe baki ana ɗaukar hoto, zuciyata na kan kwalin da ke cikin ɗaki. Kullum na kira Mumuni, kullum da dalilinsa: yana bakin tashar jiragen ruwa, ya raka baƙo wani gari, gobe in Allah ya yarda. Duk kiran da na yi sai gabana ya faɗi, kada in ji muryarsa ta sake, alamar wani ya riga ni.

Ranar Juma'a na tsaya kai da fata na ce zan je masallaci, kuma ni kaɗai. A nan nake da tabbacin kama shi. Lin ta rubuta mini sunan wurin da rubutunsu, wanda a idona duk kamar tsaga ce a jikin ƙwarya. Na fito bakin titi, wani mutum ya tare ni da fara'a yana cewa tasi, ya kai ni wata mota mara fenti mara lamba a gefe. Muka yi ta tafiya. Na ga wata gada mai jan ƙarfe, can an jima na sake ganinta, amma a garin da komai ke kama da komai ban isa in rantse ita ce ba. Da na ga ta a karo na gaba na daka masa tsawa da Hausa, na haɗa da Larabcin kasuwa, yalla, wato yi sauri, halas, wato shi ke nan, duk abin da ya zo bakina. Ya sauke ni a wani wuri, ya nuna gaba da haɓa, ya karɓi abin da ya karɓa ya tafi. Ba masallaci a wurin, sai shagunan fitilu, titi guda ba a sayar da komai sai fitila.

Wasu Larabawa biyu masu sauri na hango na bi bayansu, su suka kai ni. Na samu an tada salla, na bi daga can waje a kan kwalin da wani ya yaga ya raba mini. Da aka sallame na juya, sai na ga abin da ban shirya masa ba. Jama'a ce kamar an kwance buhun gero: baƙaƙe, farare, masu rawani, masu wando, Sinawa masu fararen huluna, ga hayaƙin tsire ya tashi a layi. Kunnena ya tsinko Hausa, na bi ta da sauri kamar na ga 'yan gidanmu. Wasu 'yan Kano ne masu sarin atamfa da wani mutumin Maraɗi. Muka gaisa, daɗi ya cika ni har na kusa manta abin da ya kawo ni. Na tambaye su Mumuni ɗan Gana. Suka ce wane Mumunin, na takalma ko na waya ko wanda aka mayar gida bara? Na ce to ina sarkin Hausawan garin, ko mai unguwar zango? Suka kalli juna suka yi dariya. Mutumin Maraɗin ya dafa ni ya ce a nan kowa baƙo ne mai jiran bizarsa ta ƙare, ba a zama balle a naɗa sarki. Na tsaya a bakin ƙofa ina duba fuskoki har wurin ya watse, alhali ko hoton yaron ban taɓa gani ba.

Na ce ba ni ba tasi, zan koma a jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin gari. A nan na ƙarasa ɓacewa. Ƙarƙashin ƙasar ma wani gari ne, da shagunansa da titunansa, mutane na kwarara kowa idonsa a waya, ba mai ture wani kuma ba mai kallon wani. Taswirar wayata ta daina aiki tun ranar da na sauka. Na sauka a tashar da aka ce mini, amma ƙofofin fita sun fi a ƙirga, kowacce na fito sai in ga wata duniya daban. Na fito nan na ga asibiti, na koma na fito can na ga kasuwar kifi, ga ruwan sama ya sauko. Na tsaya a gindin wani bene da kwalin dabino a hammata, ya fara jiƙewa. Kewar gida ta taso mini, ba Doha ba, Gusau, inda in ka tsaya haka a hanya sai wani ya ce lafiya dai. Wata tsohuwa mai jan keken cefane ta tsaya ta dube ni, ta yi magana mai tsawo. Na nuna mata katin masaukina. Ta ɗaga lemarta, ga ta gajeruwa, sai da na rusuna na shiga, ta kai ni har ƙofa tana ta yi mini faɗan da ban ji ko kalma ɗaya ba. Kafin in gama godiya ta juya.

Washegari aka gama gwajin injin ƙarshe, jirgina kuma jibi ne. Lin ta lura ban taɓa taliyar ba, ta tambaye ni ko aikinsu ne bai yi mini ba. Na gaji da ɓoyewa, na gaya mata komai. Na zaci za ta ce me ya hana a aika masa saƙo a waya a huta. Sai ta ajiye tsinken cin abincinta, ta ce lokacin da kakarta ta rasu tana makaranta a wani gari, ba a gaya mata ba sai da kawunta ya hau jirgi ya zo da kansa. Ta karɓi lambar Mumuni ta kira shi da yarensu, da muryar ma'aikatan kai saƙo, ta ce akwai kaya daga wani baƙo, ina za a sauke? Nan take ya ba ta adireshi. Ta gaya wa manajan cewa gobe baƙo ba ya yawo, kuma ban san me ta ƙara ba, amma bai zo da magani ba.

Da hantsi direban masana'anta ya kai ni wani rumbun kaya a can gefen gari, in dai garin yana da gefe. A hanya na yi ta bitar yadda zan yi. Zan ja gaisuwa. Zan ce jikin Mma ya yi tsanani. In bar shi ya ɗan zauna da wannan, sannan in kawo maganar haƙuri, yadda na ga manya na yi tun ina yaro. Ban taɓa yi da bakina ba.

Ban sha wahalar gane shi ba, goshin Baba Issaka ne sak. Yana tsaye a bayan wata babbar mota yana ba wasu Sinawa masu dako umarni da yarensu. Ya juyo ya ga baƙin mutum da jiƙaƙƙen kwali, sai ya tsaya cak. Na yi sallama. Ya amsa a hankali, ya jawo mini wani kwalin kaya na zauna, shi ma ya zauna a kan wani. Na tambayi aiki, na tambayi gajiya, na tambayi zaman baƙunta, yana amsawa idonsa a ƙasa. Na gyara murya na ce, "Mumuni, ka san jikin Mma..."

"Yaya, na sani," ya ce. "Tun ranar jana'iza. Muna da hanyar da muke buɗe shafukan nan. Na ga hoton makara a ƙofar gidanmu."

Duk abin da na tsara ya zube. Na ma rasa ko haushi zan ji. Na tambaye shi to me ya sa yake ta gudu na, ya bar ni ina yawo a gari kamar mahaukaci.

"In na kira gida suka ce yana asibiti, sai in ce a gaishe shi," ya ce, a Hausarsu da ba ta raba mace da namiji. "In na ajiye waya, sai in ji kamar da gaske yana asibitin. Da ka ce hannu da hannu na san me ka kawo. In ka faɗa, ya zama ke nan." Ya ɗago ya dube ni. "Kuma ba wanda ya yi mini gaisuwar mutuwa, Yaya. Ko mutum ɗaya. Wa zan gaya wa a nan?"

Sai a lokacin na gane aikin da ya rage mini. Na sauko daga kan kwalin na durƙusa a gabansa, na kama hannunsa biyu, na ce Mumuni, Allah ya yi wa Mma rasuwa, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba ku dangana. Ya buɗe baki zai ce amin, amin ɗin ta ƙi fita. Ya kife a kafaɗata, ƙato da shi, yana kuka har jikina na girgiza. Masu dakon suka ajiye kaya suka tsaya nesa, ɗaya ya kashe injin motar. Na riƙe shi har ya yi mai isarsa, ni ma ban san sanda nawa hawayen ya zubo ba.

Da ya natsu muka yi addu'a, ya yaga kwalin ya bi masu dakon ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu dabino a hannu, sadakar uwarsa. Suna karɓa da hannu biyu suna ɗan sunkuyawa, ban sani ba ko sun gane, amma ba wanda ya ci a gabansa. Da ya rako ni mota ya roƙe ni abu ɗaya: kada Baba ya ji cewa ya riga ya sani. Na ce to, amma a raina na san ba zan iya yi wa dattijon ƙarya ba in ya tambaya. Da wannan damuwar na hau jirgi, ban kuma san gabas ɗin garin ba har na bar shi.

Ranar Juma'a na sami Baba Issaka a Abu Hamour yana sauke kwandunan tumatir, zafi kamar a bakin murhu. Ya hango ni ya ajiye kwandon, ya goge hannu a rigarsa. Mumuni ya riga ya kira shi, amma so yake ya ji daga bakina. Na tsaya ina jiran tambayar da nake tsoro.

"Ya yi kuka?"

"Ya yi, Baba."

"Da mutum kusa da shi?"

"Ina riƙe da shi."

"Halas," ya ce.

Bai tambayi komai ba bayan wannan. Ya juya kamar zai ɗauki kwandon, sai ya zauna a bakin motar ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suka fara rawa. Na ajiye ledar kuɓewata a ƙasa, na zauna kusa da shi na riƙe shi.